Faran Guda Mai Faci

Ranar Lahadi da rana Oriane ta shigo gidan kakanta da ragowar kifin da bai sayu ba a kasuwa. Ta tarar da tsohon zaune a kicin, gwangwanin tabarsa a buɗe, miyar jiya tana nan a kwano ko cokali bai tsoma ba.

"Pepe, mutuwa ka yi ko fushi kake? In mutuwa ce ka faɗa da wuri, in kai kifin nan gidan maƙwabta."

Bai rama ba. Firmin, wanda take kira Pepe, ya haura tamanin, idanunsa sun daɗe da tafiya, amma bakinsa bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ranar da ka tsokane shi ya yi shiru, to akwai magana.

Ya turo mata wata takarda cikin leda mai tauri, ya riga ya farke bakin ledar da wuƙar burodi.

"Taɓa ki ji."

Takardar kuɗi ce ta faran guda, kuɗin Faransa na da, irin wadda ƙungiyar 'yan kasuwar garinsu, Brassenay, ta buga lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da mutane suka ɓoye sulalla ƙarƙashin katifa har aka rasa canjin sayen burodi. Kowane gari ya buga tasa. Ta Brassenay shuɗiya ce, da hoton wata ƙatuwar mata rungume da damin alkama tana kallon gefe kamar an ɓata mata rai. Wannan da ke cikin ledar sabuwa ce fil, sumul, sai ƙara take kamar busasshen ganye.

"Wannan ba taka ba ce," in ji Oriane.

"Na gode, likita. Da ba ki faɗa ba da ban sani ba."

Tasa kowa a gidan ya san ta. Tsumma ce, ta yi laushi kamar tsohon hankici, an taɓa raba ta biyu aka haɗa da faci. Ranar da Léonce, uban Firmin, zai tafi yaƙi, faran ɗin nan kaɗai ya rage musu shi da matarsa Hortense. A tashar jirgin ƙasa ta ce ya tafi da shi ya sayi taba, ya ce ta riƙe ta sayi burodi. Ta cusa masa a aljihu, ya zaro ya cusa mata, ta ja, ya ja, takarda ta yi ɓarat. Masu son daɗin labari su ce soyayya ce. Faɗa ne, don har jirgi ya tashi tana zaginsa. Ya dawo babu kunne ɗaya, amma da rabin faran a gwangwanin taba. Hortense ta yago farar takardar nan mai gam ta gefen kan sarki, ta lasa, ta liƙe su a karkace. Mai burodi ya ƙi karɓa. Shi ya sa ta kwana a gidan shekara ɗari da ɗoriya. Tun da idon Firmin ya rufe, kullum da safe sai ya buɗe gwangwanin ya bi facin uwarsa da babban yatsa, kafin ma ya nemi kofi.

"Ina take?"

"Fontbelle, shugaban ƙungiyarmu, ya ara, don baje kolin da suka yi a ofishin magajin gari. Jiya ya dawo mini da wannan. Wai ya yi mini alheri."

"Kai kuma ka ce masa me?"

"Na ce na gode."

"Ka ce ka gode!"

"A leda take, uwar surutu, ta ina zan sani? Sai da ya tafi na farke."

Ta jefa kifin cikin kwamin wanke-wanke. Shekara talatin Pepe yana cikin ƙungiyar masu tara tsofaffin takardun kuɗi, kuma a duk shekarun nan takarda ɗaya gare shi. Aikinsa a taron Alhamis shi ne ya kawo kwalbar abin sha ya wanke kofuna. Yau kuma ranar kasuwarsu ce ta shekara-shekara a zauren taro na gari. In aka tashi, 'yan tireda za su kwashe kwalayensu kowa ya kama hanyar garinsu.

Ta zare sabuwar takardar daga leda ta sa a aljihun gaban rigar aikinta.

"Oriane, kada ki je ki yi mini rashin kunya. Mutanen kirki ne."

"Ci miyarka."

Ko takalmin robar ba ta cire ba. Ta shiga zauren da ɓawon kifi manne a hannun riga. Zauren nan shi ne na biki, shi ne na ba da jini, shi ne na zaɓe, amma yau an jera tebura an shimfiɗa musu koren ƙyalle, tsofaffi sun duƙufa a kai suna magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa. Masu takardun kuɗi suna gaba, wurin haske. Masu tara kan sarki an tura su can baya kusa da banɗaki, don su a ganin na gaba ba mutane ba ne, yara ne da suka tsufa.

Monsieur Aymeric Fontbelle, shugaban ƙungiya, yana tsakiyar zaure. A da akawun ofishin gado ne, ya yi ritaya, amma in ka ji yana magana sai ka ɗauka shi ya buga kuɗin ƙasar da hannunsa. Farar safar hannu, tabarau mai ƙara girma rataye a wuya kamar lambar yabo, ɗan maɗaurin wuya mai kama da malam-buɗe-littafi. Da ya hango ta ya ware hannuwa.

"A'a, jikar Firmin! Ba sai kin zo godiya ba, yarinyata."

"Ina takardar kakana?"

"Tana hannunsa, kuma ina tabbatar miki ba a taɓa ganin irinta a gidanku ba. Sabuwa fil. Ba ta taɓa shiga aljihun kowa ba."

"Ba wannan ba. Tasa."

Ya yi ɗan murmushin da ake yi wa mai tambayar ko ana cin ƙashin kifi.

"Madmazel, abin nan ai ba takarda ba ce kuma. Ko 'mai kyau' ba ta kai ba."

Nan sai an yi haƙuri da su. Mutanen nan ba sa cewa abu ya lalace. Wadda ba a taɓa taɓawa ba ita ce "sabuwa fil", sai "kusan sabuwa", sai "ƙasaitacciya", haka ake gangarowa, har a zo kan tsumman da ko kare ba zai shinshina ba, shi ne suke kira "mai kyau". Ta Pepe kuwa ta faɗo ta ƙasan wannan ma.

"Ba zan iya baje ta gaban magajin gari ba," in ji Fontbelle. "Da faci! Na gefen kan sarki kuma! Sai na sa tawa a gurbinta, da sunan kakanki a ƙasa. An tafa masa, yarinyata, ba ya nan amma an tafa. Da aka gama na ce, Aymeric, mutumin nan shekara talatin yana wanke mana kofuna, bar masa ita. Mafi daraja ce a duk abin da na mallaka. Kwamiti ma ya amince, da sharaɗin in ranar ta zo, kin gane, ta dawo hannun ƙungiya."

"Wace rana?"

"To, dukkanmu ai masu tafiya ne."

"Wato ajiya ka ba shi ya riƙe maka kafin ya mutu."

"Ba haka ake faɗa ba."

"Ina tasa?"

Ya juya yatsa sama yana tunani, kamar an tambaye shi inda ya yar da ɓawon lemo.

"Na ba Gontran, ina ji. Mun yi wata 'yar musaya, na ɗora masa ita gyara."

Gontran ɗan tireda ne daga wani gari, ƙato, teburinsa cike da kwalayen takalma da aka cusa wa tsofaffin takardu, an rubuta a jiki: zaɓi wadda ka ga dama, yuro ɗaya. Yana cin burodi da tsiran alade, ko ɗagowa bai yi ba.

"Tsumman Brassenay? 'Yar'uwa, irinsu dubu gare ni. Ga kwalaye nan, tona. Amma ki wanke hannu tukuna, tun daga ƙofa nake jin ƙarninki."

Wasu suka yi 'yar dariya. Wani ya ce a buɗe taga. Fontbelle ya dafa kafaɗarta da yatsa biyu, ya ce ta je gida ta huta, wata rana za ta fahimci girman abin da aka yi musu.

Oriane ta dubi kwalayen. Ko ta kwana uku ba za ta gama su ba, ga shi wasu har sun fara naɗe koren ƙyalle. Ta sa hannu a aljihu ta zaro sabuwar takardar, tsirara, da yatsun da suka wuni cikin cikin kifi.

Duk kawuna suka ɗago. Wani cokalin kofi ya faɗi.

"Ina ledar?" Muryar Fontbelle ta siranta. "Madmazel, ina ledar?"

"Tana gida. Ta huta."

"Ta gefe ake riƙewa! Ta gefe, don Allah!"

Ta kama kusurwa ɗaya ta lanƙwasa, ta danne da farce.

Wani dogon nishi ya tashi daga teburan gaba, irin na masu kallon ƙwallo in an ɓarar da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Tsoho Anatole, magatakardan ƙungiya, kurma ne amma idonsa ras, kuma shekara arba'in aikinsa faɗin darajar takardu. Bakinsa ya riga shi.

"Kusan sabuwa," ya ce da ƙarfi.

"Yi shiru, Anatole!"

"Ku saurara," in ji Oriane, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ina neman faran guda na Brassenay, mai faci a tsakiya, facin ya karkace. Ni kaɗai ba zan iya ba. Ku kuwa ga ku nan da tabarau da safar hannu, ba ku da aikin yi. Duk sanda na gaji da jira sai in ƙara ninki."

"Wannan ta'addanci ne!" in ji wani mai gemu.

"Guda nawa kika san sun rage a duniya a wannan hali?" in ji Fontbelle.

"Yanzu dai an rage ɗaya."

Ta ninka ta biyu, ta bi tsakiyar da babban yatsa a hankali, kamar mai gyaran wuyan riga.

"Ƙasaitacciya," in ji Anatole, hawaye a idonsa.

Ba ta taɓa ganin tsofaffi sun yi sauri haka ba. Masu ciwon gwiwa, masu sanda, wanda aka yi wa aikin zuciya bara, duk suka afka wa kwalayen Gontran. Takardun garuruwan da ko a taswira sai an lalubo suka watsu bisa tebur, ja, kore, ruwan ƙasa. Gontran yana ihu kada a hargitsa masa kaya, alhali tun ranar da aka haife su kayan a hargitse suke. Fontbelle kansa ya cire safar hannu da haƙora ya durƙusa kan kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Masu kan sarki suka taso daga wajen banɗaki suka tsaya kallo, kowa da kofinsa, fuskokinsu cike da jin daɗi.

"Ga ta! A'a, wannan faran biyu ce."

"Wannan fa?"

"Babu faci," in ji Oriane, ta ƙara ninki.

"Mai kyau ƙwarai da gaske," in ji Anatole.

"Wani ya fitar da mutumin nan waje!"

Mai gemun nan ne ya ɗago wani abu da ɗan matsefin ƙarfe. Rabin takarda ce, shuɗin ya koɗe, matar da ke jiki an raba ta da damin alkamarta. Oriane ta karɓa. Ta san laushin. Amma bakin yagar tas yake, ba faci, sai wani farin layi inda ya zauna shekara ɗari.

Ta juya ta dubi Gontran. Ya ajiye burodinsa.

"To, ai ba a sayar da abu da datti," ya ce. "Haka ake yi, kowa ya sani. A jiƙa a ruwan ɗumi, gam ya saki, a matse cikin littafi ta bushe, sannan a haɗa da siririyar takarda yadda ido ba zai gani ba. Gyara nake mata. Wannan rabin ne ya sulale cikin kwali, ɗayan yana mota."

"Facin fa?"

"Wane faci? Wannan ƙazantar?"

"Facin."

"Ya bi ruwa, 'yar'uwa. Na zubar a kwatar bayan otal tun shekaranjiya."

Ta tsaya. Ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Hortense ba ta bar hoto ba, ba ta bar zobe ba, ko rubutu ba ta iya ba. Abin da ta bari a duniya shi ne wannan 'yar takardar da ta lasa da harshenta ta manna a karkace tana masifa. Yaƙin Duniya na Biyu ma bai ɓamɓare ta ba. Sai ga wani mai maiƙon alade a haɓa ya gama da ita da ruwan ɗumi, kuma yana jiran a ce sannu da aiki.

"Je ka kawo ɗayan," ta ce.

Ya tafi da gudu-gudu, ya dawo da wani ƙaton littafin farashi, ya buɗe tsakiya. Rabin na nan, a miƙe sumul, kamar an kashe shi da guga. Ta haɗa biyun ta sa a aljihu.

Fontbelle ya miƙe daga durƙuson, ƙura a gwiwar wandonsa. Ya miƙo hannu biyu kamar mai karɓar jariri.

"An samu, madmazel. Kin ga an samu. Yanzu ba ni ita, tun da sauran abin ceto."

"Ba ta kakana ba ce? An tafa masa fa."

"Ba ku san darajarta ba!"

"Kai ka san ta tamu?"

Ta ɗaga takardar za ta ƙara ninki. Ba ta ma yanke shawara ba, hannunta ne kawai bai huce ba. Shi kuwa shugaba, wanda ya shekara talatin yana koya wa mutane cewa ta gefe ake riƙewa, ya daka tsalle ya cafki takardar da dukan tafin hannu. Ya ja. Ita kuma ba a taɓa fizge mata abu a kasuwa ta saki ba.

Ɓarat.

Kowa ya juya ya dubi Anatole. Babu sunan wannan a littafinsu.

Fontbelle ya zauna a kan kwalin takalma, rabin takarda a hannu, yana kallonta kamar zai yi mata numfashi. Oriane ta ɗan ji wani abu game da shi, kaɗan, don da gaske yake son abar. Sai ta tuna kwatar bayan otal, abin ya wuce. Ta ɗora masa ɗaya rabin a gwiwa.

"Ruwan ɗumi da siririyar takarda," ta ce. "Gontran ya iya. Ido ba zai gani ba."

A hanyar fita wata tsohuwa daga cikin masu kan sarki ta tare ta, Madam Clothilde, mai gashi ruwan toka da tabarau a kan hanci. Ta buɗe wani babban kundi, ta zaro faifan tsofaffin kan sarki da ba a taɓa yaga ba, ta kama farin gefen ta tsage shi tsaf.

"Clothilde!" in ji mijinta daga baya. "Cikakken faifai ne!"

"Da ne," ta ce. Ta miƙa wa Oriane. "Na zamanin da ne, gam ɗin na nan. Kada ki lasa da yawa. Shekara ashirin ke nan suna ajiye mu bakin banɗaki, yau dai na ci riba."

A kan dakalin ƙofar zauren Oriane ta zauna, ta jera rabi da rabi a cinya. Matsin littafi ya sa ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi, bakin ya ƙi haɗuwa daidai. Ta lasa, ɗanɗanon kamar tsohon kabad, ta manna, ta danne da tafin hannu har ya kama.

Da ta koma gida Pepe yana inda ta bar shi. Ta ɗora masa takardar a hannu. Ya shafa gefe, ya shafa kusurwar da ta gutsure tun yana yaro, sannan babban yatsansa ya gangaro tsakiya. Ya tsaya. Ya koma sama ya sake gangarowa.

"An wanke ta."

"An wanke."

"Wannan ba facin uwata ba ne."

"Ya tafi, Pepe. Wani jaki ya zubar da shi a kwata."

Ta juya masa baya ta kunna famfo a kan kifin, don kada ta ga fuskarsa, kuma don kada ta fasa wani abu.

"Wa ya liƙa wannan?"

"Ni."

"Ya karkace."

"Nata ma ai a karkace yake."

"Nata hagu ya yi. Naki dama. Ko karkacewa ba ki iya ba." Ya kai takardar hanci. "Kuma ƙarni take."

"In ba ka so kawo in mayar wa Gontran ya ƙara mata wanka."

Ya sa ta a gwangwani da sauri ya rufe, ya ɗora hannu a kai.

"Ta Fontbelle fa?"

"Na mayar masa."

"Lafiya lau?"

"Duk tana hannunsa."

Ya ɗan karkata kai wajen muryarta, don ya san jikarsa. Ya jawo kwanon miyar ya shinshina ya ture.

"Soya kifin nan, da man shanu, kada ki ƙona kamar na wancan makon. Kuma ranar Alhamis ki zo da wuri ki raka ni taro. Ni ke kawo kwalba."

Ta juyo da wuƙa a hannu.

"Za ka koma? Wurin waɗannan?"

"To wa zai wanke kofuna? Anatole?"

Ta sauke wuƙar a wuyan kifin da ƙarfin da ya sa kan ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur.